Kiran Wayarku Ya Raba Ni da Wuƙar Mahaifina

Zuwa ga Shugabar shirin ba matasa shawara kan damuwa ta wayar hannu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ma'aikatanki, da fatan kuna lafiya. Ranki ya daɗe, na rubuto a fili ne domin sau uku ina kai kuka ta manhajarku, amsar ɗaya ce: an karɓi ƙorafina. To, an karɓa. Ni dai na gaji.

Ni mahauci ne a mayankar Oko-Oba, haifaffen Agege, shekarata ashirin da uku. Bara mahaifina ya yanke jiki ya faɗi a gabana muna tsakiyar fiɗa, bai sake tashi ba. Tun daga ranar abinci ya fita a raina, in na ɗauki wuƙarsa sai in tuna faɗuwarsa. Ƙanwata ce ta nuna mini shirinku. Ba zan ɓoye alheri ba, malamar da kuka fara haɗa ni da ita tana jin Hausa, ta saurare ni, har na soma samun sauƙi. Ga inda abin ya lalace.

Na ɗaya. Kun ce sirrina a rufe yake, amma wanda ya tsara muku aikin bai taɓa shiga mayanka ba. Mu ba ma riƙe waya a bakin aiki, hannu duk jini da kitse. Da safe kowa zai ajiye tasa a kwano ɗaya a teburin Baba mai shayi. Wadda ta yi ƙara, shi zai ɗauka, ya ƙwala wa mai ita saƙon da ƙarfi saboda kukan shanu. Haka ake sanar da mu haihuwa, haka ake sanar da mu rasuwa. Wata Talata da hantsi ma'aikacinku ya kira, bai tambayi wa ya ɗauka ba, ya ce a tuna mini ganawata da likitan ƙwaƙwalwa. Baba ya isar da saƙo yadda ya saba, har masu dakon nama a bakin ƙofa sai da suka juyo. Ban ga laifinsa ba.

Na biyu. Washegari ogana, aminin mahaifina, ya ja ni gefe, ya karɓi wuƙar ya naɗe a tsumma. Bai yi faɗa ba, ko ido ya kasa haɗawa da ni. A sana'armu ba a barin ƙarfe a hannun wanda aka ce kansa ba daidai ba, ga mutane kafaɗa da kafaɗa. Yanzu wankin tumbi da hanji nake yi a bakin famfo tare da sababbin zuwa. Abokan da muke cin tuwo tare, in na matso sai su sassauta murya, su riƙa lallaɓa ni kamar majinyaci. Wallahi da zagina suke yi da ya fi mini sauƙi.

Na uku. Da na nemi malamar in gaya mata, sai aka ce an sauya mini wani. Shi Turanci da Yarbanci yake ji. Ina jin su duka, amma baƙin cikina da Hausa yake fita. Ya ce in sami ɗaki shiru in kunna bidiyo, alhali mu biyar ne a ɗakinmu. Sannan ya ce in faro labarin daga farko. Ranki ya daɗe, sau nawa mutum zai binne ubansa?

Ba na neman a kori wanda ya kira, abin da aka rubuta masa ya karanta. Roƙona, ku riƙa tambayar mutum tun farko ko shi kaɗai ke taɓa wayarsa, da lokacin da ya dace a kira shi. Ku mayar mini da malamata. Kuma tunda muryarku ce ta shiga mayanka ta ɓata ni, ku aiko mutum da ƙafarsa ya zauna da ogana, ya fahimtar da shi cewa baƙin ciki ba hauka ba ne. Ni na faɗa har bakina ya gaji, amma wa zai karɓi shaidar wanda ake zargin kansa?

Akwai wani abokin aikina da ya taɓa tambayata lambarku a ɓoye, shi ma yana cikin nasa halin. Tun ranar Talatar nan bai sake ta da zancen ba.

Allah ya yi miki jagora, ya rufa miki asiri, ya ba ki ikon gyarawa. Wuƙar tana nan cikin akwatin oga, kullum ta gabansa nake wucewa da bokitin tumbi. A hannun mahaifina ba ta taɓa yin kwana biyu ba a wasa ta ba. Yau sati shida ke nan.

Wassalam.

Naki,
Wani mahauci daga Oko-Oba, Agege