Jakar Baba Markus

Kawu,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya ƙafar Inna, ya yara? Muna lafiya.

Kawu, Baba Markus mai shagon siminti, wanda ya ba ni aiki da na zo Rano, ya rasu. Mutumin nan ba ya fashin coci. In ya dawo ran Lahadi, sai ya tuɓe riga ya gyara famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu kyauta. Na kasa ganewa, na tambaye shi dalili, ya ce, "Riƙe mini sifana, sarkin surutu."

Kwana uku ke nan famfon ya tsaya, mata har rafi suke zuwa. Matarsa ta miƙo mini jakar kayan aikinsa. Sau biyu kawai na ga yana yi, amma gobe zan kwance famfon. Ba zan bar wurin ba sai ruwa ya fito.

A sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Ɗanka, Sale