Masu Gadin Yini Ɗaya

Laraba da dare, Sabon Layi

Yau manya suka zo duba tsaron makarantarmu. Katangar baya ta faɗi tun damina, awaki na shigowa har ajina. Maimakon gyara, Hedimasta ya kwaso samarin unguwa marasa aiki da sunan an ɗauke su gadi, ya aro musu rigunan 'yan banga, ya jera su suka tare wurin. Har da ƙanena Buba, da digirinsa, yana ƙamewa da gora.

Baƙin suka hango su daga inuwa, suka yaba, suka ci kaji.

Motocinsu na fita aka karɓe rigunan. Buba, bawan Allah, ya ce, "Ranka ya daɗe, gobe yaushe za mu zo?"

"Ku zo ina?" in ji Hedimasta, yana sakace.

Gobe 'ya'yan mutane ba su da mai gadi sai ni, da alli a hannu.