'Yar Abarbarki da Aka Kai Zibala

Zuwa ga Ummu Usman,

Assalamu alaiki. Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sa kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina nan ma ba karantawa za ki yi ba, don kullum cewa kike 'yan baƙaƙen da na tsinta a masallaci wahalar da takarda ne kawai. To yau sai na wahalar da ita. Cikina ya cika, kuma a gidan nan babu wanda nake wa magana.

Labarin gida kaɗan ne. Unguwarmu Mahjar a Jidda tana nan yadda kika bar ta, zafi da gumi. Gwiwata ta ƙara lalacewa. 'Yarmu Maryam ta haifi mace, an sa mata sunanki. Ɗanki Usman kuwa, ina amsa sallamarsa don wajibi ce, daga nan ba na ƙara ko tari. Kuma ke ce sanadi, ke da 'yar abarbarki.

Kin tuna yadda ta shigo gidan nan? Lokacin kina shara a shagon furanni na unguwar Bagdadiyya. Furenta ya bushe, mai shago ya ce a kai zibala, wato bola, ke kuma kika naɗo ta a mayafi kamar jaririya. Na ce miki ganyen abarba ne da ita amma ba ta haifar abarba, to me za a yi da ita? Ko kallona ba ki yi ba. Kika ajiye ta ƙarƙashin tagar ɗakinmu, gefen bokitin da ke tare ɗigon mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Uwar ta mutu ta bar 'ya'ya a gindi. 'Ya'yan suka girma, suka yi jan fure, suka mutu, suka bar nasu. Kin rarraba wa mata a unguwa, duk suka mutu a hannunsu, taki kawai ta tsaya. Har yaranmu suka yi aure tana nan.

Shi mukayyif ɗin kuma, akwai abin da muka yi faɗa a kansa kamar shi? Ke kina so ya yi ta ruri, ni ƙasusuwana ba sa son sanyi. In na kashe ki kunna. In na yi magana ki ce in ja bargo. Da aka gama zaman makokinki, abin da na fara yi shi ne na kashe shi. Usman ya zo ya ce tsohon ƙarfe ne, ya cire ya ba masu gwangwan, ya sa sabo mai shiru wanda ruwansa ke bi ta cikin bango. Bokitin ma aka mai da shi na wanki.

Ban yi sakaci da ita ba, Allah shaida. Kullum bayan asuba ina ɗebo ruwan famfo in zuba mata a tsakiyar ganye, inda take riƙe ruwa kamar kofi, yadda na ga kina yi. Sai bakin ganyen ya fara ƙonewa. Wani fari-fari ya kama cikin kofin. Na ƙara ruwa, ta ƙara lalacewa.

Don me ba ki gaya mini ba? Kin kwanta ciwo kin yi ta wasiyya. Kin faɗi wadda za a ba tukwanenki, kin faɗi wadda za ta wanke ki. Kalma ɗaya a kan ruwan nan ta gagare ki? Ko kin ɗauka ba zan kula da ita ba ne? Haka kika ɗauke ni, Ummu Usman?

Ana cikin haka wani likita ya kama haya a gidan da ke jikin namu, Dakta Bashir, ɗan Kano, kwantiragi ya kawo shi. Ya shigo gaishe ni, Usman na nan, ya ga tukunyar. Sai ya ciro waya ya nuna mini hoto. Wai an gano wata sabuwar 'yar uwarta a kan wani dutse can ƙasashen Amurka ta Kudu, ba a taɓa saninta ba, kuma da ganinta aka ce ta kusa ƙarewa, don ana sare dajin ana sa wuta. Ya faɗi sunan danginsu da Turanci, harshena ya ƙi ɗauka. Na duba hoton, na ce ai taki ce wannan, ganye ɗaya, kofi ɗaya. Ya yi murmushi ya ce a'a, dangi ne kawai. Ya juya ya gaya wa Usman da Larabci, kamar ba a Jidda aka haife ni ba, cewa irin tamu tana cike da shagunan furanni.

Wataƙila gaskiyarsa ce, shi ya yi karatu. Amma ki duba. Ciyawa a kan dutsen da ba wanda ya taɓa hawa, daga ganinta an raɗa mata suna, duniya na yi mata kuka. Ke a garin nan aka yanke miki cibiya, da iƙama, takardar zaman baƙi, a jaka kika rayu, da ita kika mutu. Wa ya nuna hotonki a waya? Abu ɗaya mai rai da kika bari da hannunki, shi kuma an ce akwai irinsa a shago.

Ranar Juma'a na dawo masallaci, na tarar da ita a wurinta tsaye, kore shar, da jan fure kamar amarya. Na tsaya. Tukunyarki ce, mai tsagin nan a baki, amma ganyen da kyanwa ta yaga babu shi. Usman na tsaye a ƙofa yana washe baki, wai Abuya ka ga ta warke. Ni zai yi wa wannan? Ɗan da na ɗauka a wuya? Na tambaye shi ina taki, ya ce halas, shi ke nan, ta riga ta mutu, in yi haƙuri. Ya sayo wata ya dasa, ya kai taki zibala.

Da rigar Juma'ata na tafi bakin titi. Na sa hannu cikin babban kwandon sharar nan har kafaɗa, rana tsaka, mutane na fitowa daga masallaci suna kallo. Wani ya miƙo mini sadaka, na kusa marinsa. Na same ta ƙarƙashin ɓawon kankana, na naɗo ta a rawanina. Ta shagon kuwa na tumɓuke ta na ajiye a kan motar Usman.

Likitan ne ya leƙo da ya ji hayaniya. Ya lakaci farin nan da yatsa, ya tambayi wane ruwa nake ba ta. Ya ce irin furannin nan a ƙasarsu ruwan sama suke sha, na famfo yana da gishiri a wurinsu. Ya tambaya ko da me kike ba ta. Bokitin ne ya faɗo mini a rai, ashe ɗigon mukayyif kike ba ta. Duk shekarun nan na ɗauka tsumulmular ruwa ce irin taki. Ban yi wa likitan godiya ba, kuma ba zan yi ba, don shi ya sa wa yaron nan tunanin shago.

Na je haraj, inda ake sayar da tsofaffin kaya, na samo mukayyif irin namu na da, mai ƙara kamar babbar mota. Na sa an fasa tagar an mayar da shi. Usman ya ce na haukace. Maryam ta bugo tana kuka wai in yafe wa yayanta, wai don ya ga ina rama ne ya yi. Na sani. Ai shi ya fi ƙona mini rai. Ya ɗauka in abu ya mutu sai a je a sayo wani a ajiye a wurinsa, tsoho ba zai gane ba.

Uwar dai ta tafi, ba ta tashi ba. Amma akwai ɗa guda a gindinta, bai fi yatsana ba. Ban sani ba ko zai rayu. Na ce wa Usman ranar da ya fitar da sabon ganye, ranar zan ci abinci da shi. In ya mutu, ban san me zan yi ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Sanyin nan bai dame ni kamar yadda nake faɗa ba. Faɗan nake so, da yadda kike jefo mini bargo ba tare da kin juyo ba.

Yanzu azahar ta wuce, gari kamar tanda, ni kuma ina zaune cikin bargonki, gwiwa na sara, ina jin ɗigo na faɗawa bokiti. Babu mai kashe shi. Kin ci ni, kin ji daɗi?

Sai na iso. Ki shirya amsa, don ban huce ba.

Mijinki mai taurin kai,
Abu Usman