Wata Uku Ina Zuba Shayi a Tulun Kakata

Zuwa ga Inna Telse,

Ina karanta shafinki na ba da shawara a jarida, don Allah ki taimake ni. Abin da zan rubuta miki ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Merle da muke zama benci ɗaya a aji. Shekarata goma sha uku. Ba ni da yawan magana, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Muna zaune a wani ƙauye kusa da Flensburg a Jamus, ni da Mama da Baba da mahaifiyarsa, Oma Frauke. Muna da tulun rum kamar kowa, wanda ake tara 'ya'yan itace a ciki, a jiƙa su da barasar rum, sai an kusa Kirsimeti a buɗe. Namu ya girmi Baba. Oma ta ce shekara arba'in da shida tana haɗa shi, bai taɓa lalacewa ba. Bana gwiwoyinta sun hana ta sauka ɗakin ƙasa, sai ta damƙa mini aikin. Ita ke auna 'ya'yan itacen da sukari a kicin, ni in kai in zuba. Sitiroberi a Yuni, ceri a Yuli, sai fulam na bishiyar bayan gida, inabi a ƙarshe. Ana ɗora ƙaramin faranti a kai don kada su taso, kuma dole barasar ta haura su da faɗin yatsu biyu. Kowace Asabar takan aike ni in leƙa, in na hawo ta tambaye ni yatsu nawa. In ce biyu. Sai ta ce hannuna ya fi na 'yarta Gwaggo Gesa albarka, wai ita ko ruwan zafi ta ɗora sai ya kama.

Kwalaben rum ɗin a ɗakin Oma suke, a kulle, makullin yana aljihunta. Ba ta fito da su sai ranar da za a ƙara sabbin 'ya'yan itace. Saboda Baba ne. Ya daina sha wata goma sha huɗu da suka wuce. Abin da ya faru kafin nan ba na son tunawa. Ranar da ya dawo daga asibiti Mama ta faɗa masa a gabana, ba da faɗa ba, cewa idan ya koma za ta ɗauke ni mu tafi Kiel wurin danginta. Ta so ma kada a haɗa tulun bana. Baba ne ya ce a bar wa tsohuwa abinta, shi ba jariri ba ne da za a riƙa ɓoye masa ashana.

A watan Agusta na leƙa na ga yatsa ɗaya. Na ɗauka 'ya'yan itacen ne suka tsotse. Mako na gaba farantin ya fito fili. Wata Lahadi da rana, Mama tana wurin aiki, na sauka ɗakin ƙasa na tarar da ludayin miyarmu a bayan gwangwanayen fenti, a jiƙe, bakinsa ja. Da na hawo Baba yana tsotsar minti yana fito. Ya shafa kaina, ya kira ni 'yar Baba, ya tambaye ni ko mu je bakin teku. Na ce ina da aikin makaranta.

Ban iya zuwa wurin Oma in ce ta ƙaro rum ba, don za ta tambayi ina na jiya ya tafi. Sai na dafa baƙin shayi, na bari ya huce, na zuba har ya kai yatsu biyu. Launinsu ɗaya. Wata uku ke nan ina yin haka. Shi ya ɗiba, ni in cika. Ba mu taɓa yin maganar ba, ban ma sani ba ko ya san na sani.

Yanzu tulun yana kumfa. Wani farin abu ya rufe gefen farantin, kuma warinsa ya yi tsami. Na kwashe da cokali sau biyu, ya sake fitowa. Saura mako biyu Lahadin da ake kunna kyandir na farko na shirin Kirsimeti, ranar da dukan dangi ke zuwa Oma ta buɗe tulun da hannunta a ɗora a kan kek.

Gwaggo Gesa ta daɗe tana cewa Oma ta fara mantuwa, a kai ta gidan tsofaffi. Sau ɗaya ne kawai Oma ta bar murhu a kunne. Idan aka buɗe aka ga ya ruɓe, na san abin da Gwaggo za ta ce, kuma na san Oma da kanta za ta yarda cewa ita ce ta rikice wajen auna sukari. Ba za ta yi musu ba, za ta kalli hannuwanta ne kawai. Idan kuma na faɗi gaskiya, Mama za ta haɗa kaya. Ba na son Kiel. Kuma Baba ba mugu ba ne, shi ya gyara mini keke har sau uku bai yi tsaki ba.

A aji ina kallon allo ba na ganin komai. Malamarmu ta ce kamar ba a duniya nake ba. Na gaji da Asabar, na gaji da cewa biyu.

Jiya na daina dafa shayin. Na yanke shawara ranar Lahadin zan ce ni ce na ɗiba ina sha, na cika da shayi don kada a gane. Rabinta gaskiya ce. Za a yi mini faɗa, a karɓe mini waya, amma kowa zai zauna inda yake. Ina so kawai ki gaya mini ko wanda ya ɗanɗana kafin in yi magana zai yi ciwo.

Mai Cewa Biyu

*

'Yata,

Bari in fara da tambayarki. Kada kowa ya ɗanɗana, ko cokali ɗaya. Ƙarfin barasar ne ke hana 'ya'yan itace ruɓewa, in aka tsarma ta da ruwa ta daina aikinta. Kwashe farin saman ba ya gyara na ƙasa. Tulun bana ya tafi, zubar da shi za a yi.

Ban ga laifinki ba. Kin ga gidanku zai tsage, kika tare shi da abin da hannunki ya kai. Amma shawarar da kika yanke ban yarda da ita ba. Ƙaryar za ta yi mako ɗaya ko biyu. Mama za ta kwana da tunanin 'yarta mai shekara goma sha uku tana shan barasa a ɓoye, shi kuma Baba ba zai daina ba don tulu ya ƙare, wani wurin zai nema. Ke za ki zama mai laifi, shi ya rasa taimako a lokacin da ya fi buƙata.

Na yarda da ke, mahaifinki ba mugu ba ne. Ciwo ne yake da shi, kuma masu irin wannan ciwon sukan zame su sake tashi, in an gane da wuri. Mama kuma ba don ƙiyayya ta gindaya sharaɗinta ba. Ta sha wahala, kuma ke take karewa. Ba zan yi miki alkawarin ba za a je Kiel ba, don ban sani ba. Abin da na sani shi ne wannan hukunci nasu ne su biyu, ba na yarinya mai butar shayi ba.

Kada ki jira Lahadin da falo zai cika da baƙi. Ki fara da Oma, ku biyu kawai, a cikin makon nan. Idan bakinki ya ƙi buɗewa, ki miƙa mata wannan shafin. Matar da ke yawo da makulli a aljihu ta san ɗanta, kuma ta cancanci ta san cewa hannunta bai kuskure awo ba. Sai ku gaya wa Mama tare. Ba aikinki ba ne ki tunkari Baba. Kafin nan, duk ranar da kika ji warin minti, kada ki shiga mota yana tuƙi. Ki kuma samu malamar nan taki ki yi mata bayani, ta riga ta lura da ke.

Shi tulun, a wanke shi da tafasasshen ruwa a kife. Kek ɗin zai ciwu da ceri na gwangwani, Gwaggo Gesa ta faɗi abin da za ta faɗa. Ko za a sake haɗa shi baɗi a gidan da mai ciwon yake, manya su zauna su duba.

Asabar ɗin nan, in kin hawo daga ɗakin ƙasa Oma ta tambaye ki yatsu nawa, ki faɗa mata abin da kika gani. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ba mahaifinki lafiya, ya sa ki huta.

Taki,
Inna Telse