A Gaban Uwar Guadalupe

Yaya Otilia,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Mama, ya yara? Ni lafiya lau nake, tarin ma ya yi sauƙi, kada ku damu.

Mun iso birnin Meziko, ni da sauran matan da 'ya'yansu suka ɓata a hanyar arewa. Duk inda muka sauka ina nuna hoton Nahún ɗina. Wani mai gadi ya ce, "Iya, irin fuskar nan kullum sai an wuce da tarinta."

Jiya muka je cocin Uwar Guadalupe, waliyyiyar da ake roƙo a gaban hotonta. Yaya, ba a barin mutum ya tsaya a gabanta. Saboda yawan jama'a, daɓen ne, mai inji, ke tafiya da kai. Na ɗaga hoton Nahún, kafin in gama roƙona an wuce da ni. Na yi ta komawa layi, har wata sistar coci ta riƙe hannuna ta ce, "Ta ji ki." Na gyaɗa kai kawai.

Ki gaya wa Mama na kunna masa kyandir. Rigunansa kuma, ki ba ɗanki Eliseo ya riƙa sawa. Ki fitar da su kafin in dawo.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarki,
Eufemia