Kujerar Ramlat a Kwamitin Sulhu

Al Satwa, Dubai

Yaya Halima Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da kowa na gida. Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

Kin tambayi labarin Ramlat. Ƙungiyarmu ta Hausawan Dubai tana da kwamitin sulhu, mutum uku masu yanke hukunci idan rigima ta tashi kan kwantena, ko tsakanin ma'aikaci da ubangidansa. Ɓangaren matasa suka ba da sunaye uku, har da na 'yarki, tunda shari'a ta karanta. Yaya, murna ta hana ni cin abinci ranar.

Sai dai har yau ba a kaɗa ƙuri'a ba. A al'adar ƙungiya, ba a ƙuri'a muddin dattijo yana tsaye yana magana. Alhaji Labaran, jagoran tsofaffin 'yan kasuwa, ya san matasa sun fi su yawa. Da an kira sunanta sai ya miƙe, ya ɗauko tarihin fatauci tun daga kakansa. In ya gaji Alhaji Dikko ya karɓa, har a kira magariba, mai ɗakin taro ya kashe fitila. Matasa sun rantse za su soke al'adar. Ni malamar yara ce, ba ni da ƙuri'a, sai kallo.

Ki sa ta a addu'a.

Ƙanwarki,
Jummai

Al Satwa, Dubai

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

An yi sulhu. Manyan ɓangarorin biyu sun zauna a wani sito a Ras Al Khor. Ashe su ma matasan suna tsoron ranar da za su zama marasa rinjaye, su nemi al'adar su rasa. Aka shirya za a bar al'adar yadda take, Alhaji Labaran zai zauna ya yi shiru, mutum biyu cikin na matasa su wuce, a janye suna ɗaya. Na Ramlat aka janye.

Na bi shugaban matasa har mota ina roƙo. Ya ce an gama, khalas, in yi haƙuri.

Da yake ba wanda ya iya tsara yarjejeniya kamar Ramlat, ita suka sa ta rubuta. A ɗakina ta zauna ta rubuta, har layin da ya cire ta. Da ta gama ta wanke min kwanuka ta tafi.

Idan ta kira, ki bari ta faɗa miki da bakinta.

Ki gaida yara.

Taki,
Jummai