Ɗakin da Kika Ce Nawa Ne

Zuwa ga Innata, Hajiya Tamo,

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma nan ɗin ma ba mai saurarena.

Inna, ɗanki Yaya Sidi ya ce in fita daga ɗakin kafin babbar salla. Wai wani ɗan Tabelot zai ba haya ya zuba albasa. Ɗakin da kika shigo da ni a goye ranar da ƙanwarki, mahaifiyata, ta rasu. Nan kika koya mini ɗinkin fata, nan na dawo da yara da aure ya mutu.

Kin tuna da ciwo ya tsananta kika kira Malam Bilal da Alhasan maƙeri, kika ce, "Ku shaida, ɗakin gabas na Rakiya ne." Na ce a rubuta, kika harare ni, wai Sidi ba zai taɓa cutar ƙanwarsa ba.

Bayan sadakar arba'in ya ce shi zai kai wasiyyar gaban alƙali a tabbatar. Duk sanda na tambaya sai ya ce an kai. Kunya ta hana ni cewa a nuna mini. Ke kika koya mini kunyar nan, ga abin da ta jawo mini.

Na je jastis, kotun gwamnati, magatakarda ya duba bai ga sunanki ba, ya tura ni wajen alƙalin fada. Can aka ce in zo da babban ɗa, wato wanda nake ƙara shi zai raka ni! Aboka kuwa, wato lauya, wanda aka kwatanta mini yana Yamai, kuɗin mota ma ya fi ƙarfina. Malam Bilal ya bi ki, Alhasan yana Jado wajen haƙar zinariya.

Jiya na samu wata mata a ofishin da ake ba da shawarar shari'a kyauta. Ta ce in Alhasan ya zo ya yi rantsuwa akwai hanya. Ta ce ba a yi wa magaji wasiyya, da ke kika haife ni da maganar ta faɗi. Abin da zai cece ni shi ne ni 'yar riƙo ce.

Ran Litinin zan tsaya gaban alƙali da Yaya Sidi in ce ni ba 'yarki ba ce. Kalmar da kika mari maƙwabciya a kanta, Inna, yanzu da bakina zan faɗe ta don yara su samu wurin kwana. Ina fushi da ke, kuma kewarki ta ishe ni.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya sa kada ki ji ni ranar.

Taki,
Rakiya, 'yarki